Kayan Sa'ar Pan Wan-fu

A unguwarmu ta bayan tsohuwar kasuwa a Taichung, in ka ji ana ta "ni da na", ba sai ka leƙa ba. Pan Wan-fu ne a bakin shagonsa na fankoki da tukwanen lantarki. Ni da na yi soja, ni da na ga Japan, ni da na gyara wa magajin gari fanka. Sojan kuwa a kicin ya yi shi yana feraye dankali, amma wa zai tsaya musu da mutumin da muryarsa ta fi fankokinsa ƙara?

Shekarar da za a yi zaɓen masu unguwa, sai Wan-fu ya ga ai kujerar nan shi take jira. Wadda ke kanta, Goggo Tang, ta doshi saba'in, ta kuma daɗe tana fama da mu. Kwata ta toshe, a kira Goggo Tang. Fitilar titi ta mutu, Goggo Tang. Karen wani ya ɓata ƙofar wani, Goggo Tang. Ba ta ce za ta sake tsayawa ba, ba ta kuma ce ta haƙura ba. Shi kuwa gogan, tun ba a buɗe rajista ba ya je ya ɗinko falmaran irin ta 'yan takara, ruwan ɗorawa, da sunansa gaba da baya kamar allon shago.

Ƙuri'un unguwarmu kowa ya san inda suke kwana: ƙungiyar 'yan keken asuba. Tsofaffi ne da 'yan fansho da matan kasuwa, amma kowannensu yana da 'ya'ya da surukai masu jin maganarsa. A shekarar sun shirya zagaye tsibirin Taiwan kaf a kan keke, su gangara kudu ta yamma, su hauro ta gabas. Goggo Tang na cikinsu, haka ma Su-lan, matar Wan-fu, wadda ta shekara da shekaru tana fita da su shi yana minshari.

"Ki sa sunana," in ji shi. "Kafin mu dawo na kwashe su duka a aljihu."

"Maigida, kai da ko shagon kan kwana a babur kake zuwa?"

"Su-lan, feda ce fa, ba aikin likita ba. Mutanen da gwiwoyinsu ke kuka kamar tsohuwar ƙofa su iya, ni in kasa?"

Ya sayo keke mafi tsada a kantin, ya sa aka ɗaura masa kariya ta ɗora kaya da kwanduna biyu a baya, ɗaya a gaba, don tutocinsa su sami wurin tsayawa.

Ranar tashi aka taru a filin haikalin unguwa. Kamar kowane ayari, nasu ma yana da motar reno, wadda ke bin baya da jakunkuna da ruwa, tana kuma kwasar duk wanda ƙafarsa ta gaza. Direbanta Lo, ɗan siririn mutum ne da bakinsa ba ya ajiye magana ta kwana.

"Yaya Pan, miƙo jakarka," in ji Lo. "Na kuma ware maka kujerar gaba, inda sanyi ke bugawa. Zuwa azahar za ka neme ta."

Aka kwashe da dariya. Wan-fu ya ji abin har ƙashi. Ya hau kan matakalar haikali, ya daki ƙirji.

"Ku shaida, 'yan unguwa! Daga nan har mu dawo, ni ko wani abu nawa, ko da safa ce, in ya taɓa motar nan ko wata mota, kada wanda ya ba ni ƙuri'arsa!"

Goggo Tang tana ɗaure igiyar hular kwanonta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Mun ji, Wan-fu. Baki dai shi ke yanka wuya."

Farkon tafiya ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, iska na turo su ta baya. Wan-fu ya wuce wannan, ya wuce wancan, yana raba shawara kyauta. Ya gaya wa Kawu A-tu cewa sirdinsa ya yi ƙasa, alhali Kawu A-tu ya ƙare ƙuruciyarsa ne yana raba wasiƙu a kan keke. Ya koya wa madugun ayarin yadda ake karanta taswira. Masu babura suna wucewa suna yi musu kirarin da ake wa 'yan zagaye, "Ƙara mai! Ƙara mai!", shi kuwa yana ɗaga musu hannu kamar shi kaɗai ake wa.

A Yunlin abin ya soma. Sun tsaya shan ruwa kusa da rumfar masu shanya tafarnuwa, wani manomi ya hango falmaran. To, kowa ya san ɗan takara ba a gaishe shi hannu rabbana. Tafarnuwa, ko abarba, ko farin karas ɗin nan namu mai kaurin ƙwauri, a ɗaura jan ƙyalle a miƙa masa, ya ɗaga sama a ɗauki hoto. Sa'a ce aka danƙa masa, kuma ba a yar da ita, ba a mayar wa mai ita. Manomin ya ciro dami guda, ya ƙulla ƙyalle, ya kwarara ihu, "Sai ka yi!"

Wan-fu ya ɗaga damin sama, bakinsa har kunne. "Kun gani? Sunana har Yunlin ya zo!"

'Yan takara masu hankali suna da mai karɓa ya jefa a mota. Namu kuwa a kan mota ya yi rantsuwa. Ya cusa tafarnuwar a kwandon gaba.

Lo ya tsaya yana kallon kwandon, yana kallon motarsa. Sannan ya ciro waya. Duk ɗan Taichung in ka tona, kakarsa tana kudu, kuma kafin la'asar babu wanda ke cikin ayarin nan da bai tuna da wani ɗan uwa a bakin hanya ba.

A Chiayi, ƙanin matar Lo yana jira a gindin gada da abarba biyu. Gaba kaɗan surukin wata mai sayar da taliya ya fito da farin karas guda uku. A mararraba ta gaba 'yan wata majalisar shayi suka tashi gaba ɗaya, kowa da abin da ya ɗauko, suna "Sai ka yi! Sai ka yi!" suna danne dariya. Wan-fu yana karɓa, yana ɗagawa, yana jawabi. Kwandunan baya suka cika, ya sayi igiyar roba ya fara ɗaurawa a kan kariya.

"Maigida, kawo biyu in riƙe maka," in ji Su-lan.

"A raba mini sa'a gida biyu?"

"To mu yanka mu sha, ga rana."

"A yanka sa'a kafin zaɓe! Ke wai a gidana kike ko a gidan Tang?"

"Ni dai a kan keke nake, kuma ina numfashi. Kai fa?"

Washegari da safe aka same shi a kwance a barandar masaukin baƙi na wani haikali, sauro ya yi masa zane a goshi. Abokan ɗakinsa ne suka fitar da shi, don ya ƙi barin tafarnuwarsa a waje kada a sace.

"Wane wari?" yake tambaya a wurin karin kumallo. "Ni ban ji komai ba."

"Gwano ai ba ya jin warin jikinsa," in ji Lo. "Matsa can, kunun shinkafata ya fara ɗanɗanon miya."

A Guanmiao, ƙasar abarba, aka yi wata kyautar da ba ta wasa ba. Yayar Kawu A-tu, tsohuwa tukuf da ta haura tamanin, ta ji cewa ƙaninta zai wuce tare da wani mai neman mai unguwa. Ba wanda ya gaya mata tsokana ake. Tun da sassafe ta shiga gonarta da sanda, ta zaɓi uwar abarbar da take tanadi don bikin haikali, ta yago ƙyalle mai jan fure daga tsohuwar rigar bargonta ta ɗaure ta. Ta zauna a bakin titi tana jira har rana ta take.

"Ɗana," ta ce da Wan-fu, tana miƙa masa da hannu biyu, "ka riƙe unguwa da kyau. Ƙanina shi kaɗai yake zaune, in ya faɗi a bayi kai za a kira."

A nan dai dariya ta ɗan tsaya. Wan-fu kuwa bai ji ƙarshen maganar ba, yana neman wanda zai ɗauke shi hoto. Abarbar ta kai girman kan maraƙi. Ya ɗora ta can ƙololuwar kayan, ya ɗaure.

Daga nan keken ya daina jin magana. In ya ce dama, kayan su ce hagu. Wanda jiya yake gaba yana raba shawara, yau shi ne kurar baya, motar reno na bin sa a hankali kamar mai rakiyar gawa, Lo ya zuge gilashi yana shan lemo mai ƙanƙara da ƙarfi don a ji.

Wasu 'yan jami'a da ke nasu zagayen ta ɗaya hannun suka tsallako titi suka tare shi.

"Baba, sannu da rana. Nawa abarba?"

"Ba ta sayarwa ba ce!"

"To karas ɗin fa? Za mu yi miya a masauki."

"Ku karanta rigata, marasa tarbiyya!"

Yarinyar cikinsu ta karanta, ta juya ga abokanta. "Pan Wan-fu. Ashe har suna ya sa wa shagon. Baba, ka sayi a-kori-kura mana, wannan ai kashe kai ne."

Kafin Pingtung tayar baya ta yi faci sau biyu. Na biyun a daidai wani ofishin 'yan sanda ne, irin waɗanda ke ajiye famfo da ruwa don 'yan keke. Sai da aka sauke kayan kaf a tsakar ofishin kafin a kai ga tayar. Sajan ɗin ya liƙe masa ita tsaf, ya taya shi ɗaurewa, sannan ya lura da falmaran.

"Af, ɗan takara ne? Tsaya, tsaya." Ya shiga ciki, ya fito da farin karas daga lambun bayan ofis. "Sai ka yi, ranka ya daɗe!"

Wan-fu ya ɗaga shi sama. Murmushin kuwa kamar na mai ciwon haƙori.

Sai ga ranar Shouka. Duk ɗan zagaye ya san tudun nan da ke raba yamma da gabas, wanda ake ta hawa ana kwana ana sake hawa, har a kai 'yar tashar hutu da ke samansa. Madugu ya ce kowa ya tafi da ƙarfinsa, a haɗu a sama. Tsofaffi suka sa ƙaramar giya, suka tafi sannu sannu suna hira. Goggo Tang ta wuce shi tana cin ayaba.

Wan-fu ya taka, keken ya tsaya cak. Ya miƙe a kan feda, tayar gaba ta ɗaga sama kamar doki. Ya sauka ya tura, kayan suka turo shi baya. Gumi ya jiƙa falmaran har sunan ya manne da bayansa.

"Yaya Pan," in ji Lo ta taga, "ba kowa a nan sai ni da birai. Zuba su a baya, ban gani ba."

"Ka gani, kai da bakinka kamar lasifika! Wuce ka ba ni wuri!"

"Shi ke nan. Mutane na jiran ruwa a sama. In ka mutu, ka mutu a gefen titi, kada ka tare hanya."

Motar ta ɓace a kwana. Wan-fu ya zauna a kan dutse, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Yana nan yana haki sai ya ji lasifikar gaske tana hawowa daga ƙasa: "Kayan miya! Ga kabeji, ga albasa, ga tumatir!" Wata shuɗiyar a-kori-kura ce ta mai tallan ƙauyukan dutse, an ja tamfol a kan rabin bayanta. Mai ita ƙato ne, bakinsa jawur da goron ganye, ɗan ƙwallon nan da direbobinmu ke taunawa.

Wan-fu ya tare hanya. "Ɗan uwa, haye da ni tudun nan."

"Da keken? Da gonar da ke kansa? Me za ka bayar?"

Wandon keke ba shi da aljihu, walat ɗin yana jakar Su-lan. Wan-fu ya yi alkawarin aiko da kuɗi, ya yi alkawarin fanka, har ya yi alkawarin rumfa a kasuwar unguwa in ya hau.

"Ba na cin alkawari," in ji mai talla. Ya tofar da jan miyau, ya ƙwanƙwasa uwar abarbar da yatsa. "Amma wannan ta Guanmiao ce. Bar mini kayan, in kai ka."

Ka ce zai yi jim. Ko kaɗan. Nan take ma dabara ta faɗo masa, irin dabarun da ke zo wa wawa da gudu. Zai ce ya raba kayan ga tsofaffin wani ƙauye, ya samu lada a bakin mutane. Kuma me zai sa a sauke shi a ƙasa da tasha ya iso na ƙarshe?

"Ka wuce su a sama, kada ka tsaya. Ka sauke ni can a gangare. In sun iso su tarar da ni ina fifita, in ce ta yanke na bi."

"Tudun nan ba shi da yanke."

"Su ba su sani ba."

Aka kwantar da keken, Wan-fu ya kwanta kusa da shi tsakanin kabeji da abarba, aka ja tamfol. Motar ta yi ta hawa, shi yana ciki yana shirya jawabin da zai yi a gangare.

Abin da bai sa a lissafi ba, ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne. Mai talla ya iso sama, ya ga taron 'yan keke zube a inuwa, harsuna a waje, ga shi da abarbar da bai saya ba. Ƙafarsa da kanta ta taka birki.

A ƙarƙashin tamfol Wan-fu ya ji injin ya mutu. Ya kuma ji muryoyi, kusa ƙwarai, don motar a gefen bencin ayarinsu ta tsaya.

"Mu dai mun yi masa yawa," in ji Kawu A-tu. "Na ga fuskarsa ɗazu, kamar dafaffen ƙwai."

"Shi ya ɗora wa kansa," in ji Lo.

"Ku saurara in gaya muku," in ji Goggo Tang. "Ni na gaji. Shekara nawa ina leƙa kwatocinku? Jikata tana Tainan, ko tafiyarta ta fari ban gani ba. Na zo tafiyar nan ne in ga ko akwai wanda zan bar wa. Wan-fu wawa ne, Su-lan ki yi haƙuri."

"Ai ni na fi ki sani, Goggo."

"Amma wawan da zai turo kyautar mutane a tudun Shouka don kada ya wulaƙanta ta, zai iya ɗaukar unguwa. Ba zan yi rajista ba. In ya iso, ku tashi ku tafa masa, ni zan ɗaga hannunsa."

Wan-fu ya toshe bakinsa da hannu biyu. Kujerar ce fa, sukutum, ba hamayya, tana jiransa a nesan taku uku. Abin da ya rage kawai ya kasance can ƙasa yana turo keke. Ya fara addu'ar motar ta tashi.

Lasifika ta yi ƙara. Mai talla ya kashe faifan, ya ɗauki makirfo da kansa.

"Abarba! Abarba mai sanyaya zuciya! A yanka maka nan take!"

Aka yo kansa. Shi dai ya so ya rufa asiri, bai yaye tamfol ba, hannu kawai yake zurawa ta gefe yana zarowa, yana tsinke ƙyallen a ɓoye. Ta farko ta tafi, ta biyu ta tafi, wuƙa na aiki, mutane na lasar yatsu.

"Ba ka da babba?" in ji Lo. "Mu da yawa ne."

"Akwai uwarsu ma."

Hannu ya shigo yana lalube, ya cafki ganyen uwar abarbar Guanmiao. Wan-fu ya san ƙyallen da ke jikinta, ya kuma san wanda ke tsaye a waje. Ya rungume ta. Mai talla ya ja, aka ja daga ciki. Ya sake ja.

"Ta maƙale ne?" in ji wata.

"Kabeji ne ya danne ta," in ji mai talla, yana cije haƙora. Ya sunkuya ya yi raɗa, "Saki, malam, ciniki ya faɗa!"

"Ba wannan ba!" in ji tamfol.

Kowa ya juyo yana kallon tamfol ɗin.

"Kai," in ji Lo, "kabejinka yana magana."

Mai talla ya yi zuciya. Ya kafa ƙafa a taya, ya fizga da ƙarfin ƙato. Tamfol ya zame, abarbar ta fito, Pan Wan-fu ya biyo ta manne, ganyen kabeji a kan hular kwanonsa, falmaran ruwan ɗorawa tana sheƙi. A bayansa ga keke a kwance, ga tarin jajayen ƙyallaye da aka tsinke.

Masu ci suka daina tauna. 'Yan wasu ayarin da ba su san komai ba suka ɗaga wayoyi.

"Ba yadda kuke zato ba ne," in ji Wan-fu. "Sato mini kaya ya yi, na biyo shi, na ɓuya don in kama shi dumu-dumu!"

"Ni ɓarawo?" Mai talla ya manta makirfo na hannunsa, dutse ya amsa. "Kai ka tare ni a ƙasa kana haki! Ka ce in kwashe duka in haye da kai, in wuce mutanenka in sauke ka a gangare, ka ce musu yanke ka bi!"

Kawu A-tu ya tako a hankali. Bai dubi Wan-fu ba. Ya kwance ƙyalle mai jan fure daga jikin abarbar, ya ninke shi, ya sa a aljihun rigarsa.

"Da sanda ta shiga gonar," ya ce. "Kuɗin mota ka yi da ita."

Wan-fu ya juya wurin matarsa. "Su-lan, gaya musu halina."

"Yanzu ai sun gani, maigida. Ka hutar da ni."

Saura mutum ɗaya. Goggo Tang tana zaune a benci da yankin abarba a hannu. Wan-fu ya durƙusa gabanta, ganyen kabejin ya faɗo.

"Goggo, maganar da kika yi ɗazu..."

"Ka ji ta ashe?"

"Na ji, Goggo. Zan koma ƙasa yanzu in turo keken. Da kayan duka, in kin ce."

"Wane kaya? Rabinsu yana cikinmu." Ta cinye yankin, ta goge hannu a wandonta, ta miƙe gwiwarta na ƙara. "Da ka zauna a kan dutsen nan kana kuka har yamma, da kai ne mai unguwa. Yanzu ga shi ka ja mini wasu shekara huɗu na leƙen kwata, da tsufana. Ƙuri'a kam ka riga ka yafe ta da bakinka. Amma wannan, Wan-fu, ni ce ba zan yafe maka ba."

Ta hau kekenta ta gangara, ayari ya bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya waiwayo.

Mai talla ya sauke masa keken a gefen titi, ya karɓe abarbar daga hannunsa, ya sa wuƙa.